Tafiyar da Ta Buɗe wa Che Guevara Ido

A watan Janairun 1952, wasu samari biyu 'yan ƙasar Ajantina suka lafta kayansu a bayan wani tsohon babur ƙirar Norton, suka bar birnin Buenos Aires. Ernesto Guevara, wanda daga baya aka fi sani da Che, yana da shekara 23, ɗalibi ne mai koyon aikin likita, kuma tun yana yaro yake fama da ciwon asma. Abokinsa Alberto Granado, mai babur ɗin, ya girme shi da shekara shida, ya kuma taɓa aiki a asibitin kutare. Yawon buɗe ido ne ya fitar da su, ba siyasa ba. Ernesto ɗan gidan rufin asiri ne, wasan ƙwallo da karatun littattafai sun fi ɗauke masa hankali.

Babur ɗin bai kai su ko'ina ba. Bayan sun tsallaka duwatsun Andes sun shiga Chile, ya yi ta ba su wahala har ya mutu murus, suka bar shi a Santiago. A ganina, nan ne ainihin tafiyar ta fara. Mai babur yakan wuce talaka a guje; wanda ya koma tafiyar ƙasa da roƙon direbobin manyan motoci su rage masa hanya, dole ya zauna da talakan, ya ci abin da yake ci.

A Valparaíso aka kai Ernesto ya duba wata tsohuwa mai asma irin tasa, wadda ta ƙare ƙarfinta tana yi wa mutane hidima. Ya ga ba abin da ƙwayar magani za ta yi wa talaucin da ya kwantar da ita. A hamadar Atacama kuma, cikin sanyin dare, suka gamu da wani mutum da matarsa, 'yan kwaminisanci da gwamnati ta haramta jam'iyyarsu, suna neman aikin haƙar ma'adinai, ba su da ko abin rufa. Samarin suka ba su bargo ɗaya. Daga nan suka isa Chuquicamata, ƙatuwar mahaƙar tagulla da ke hannun kamfanin Anaconda na Amurka, inda 'yan ƙasa ke haƙa, riba na tafiya waje.

A Peru ya ga yadda aka mayar da 'yan asalin ƙasar, jikokin waɗanda suka gina Machu Picchu, saniyar ware a ƙasar kakanninsu. A Lima wani likitan kuturta mai ra'ayin gurguzu, Dakta Hugo Pesce, ya karɓe su, ya kuma yi musu hanyar zuwa San Pablo, zangon kutare a bakin kogin Amazon.

Ruwa ne ya raba wurin biyu: ma'aikata a wannan gaɓa, marasa lafiya a waccan. Baƙin suka ƙi sa safar hannu, suka riƙa gaisawa da kutaren hannu da hannu, har da buga ƙwallo tare. Duk wanda ya san yadda ake gudun kuturu a garuruwanmu zai fahimci girman wannan abu a idon majinyatan. A can Ernesto ya cika shekara 24, ranar 14 ga Yuni, ya kuma yi jawabin cewa ƙasashen Latin Amurka al'umma ɗaya ce da aka yayyanka da iyakoki.

Sai dai bai dawo gida a matsayin ɗan juyin juya hali ba. Sun rabu da Granado a Caracas, shi ya koma ya kammala karatun likita a 1953. Abin da ya ƙarasa juya shi ya faru ne a Gwatamala a 1954, lokacin da ya ga an kifar da zaɓaɓɓen shugaba Jacobo Árbenz da hannun hukumar leƙen asirin Amurka, bayan Árbenz ya taɓa filayen kamfanin ayaba na United Fruit. Shekara guda bayan haka Ernesto ya haɗu da jagoran 'yan tawayen Kyuba Fidel Castro a Mexico, ya ɗauki bindiga tare da shi. Saurayin da ya tausaya wa kutare shi ne ya jagoranci gidan yarin La Cabaña a Kyuba a 1959, bayan nasarar 'yan tawayen, inda aka zartar da hukuncin kisa kan mutane da dama, abin da har yau ya raba kan masu yabonsa da masu tsine masa. Sojojin Bolibiya suka kashe shi a watan Oktoban 1967, yana da shekara 39.