Ƙullutu A Kan Jinjiri Ba Aikin Wanzami Ba Ne

Daga Wakilinmu Na Arewa

Akan haifi jinjiri da wani ƙullutu mai taushi a ƙeya, ko kuwa tsakanin idanu bisa karan hanci. Sai tsofaffi su ce ƙari ne, a kira wanzami ya tsaga, waɗansu kuma su ce aikin iska ne. To, jama'a, a yi hattara.

Asalin abin tun cikin uwa ne. Cikin kwana 28 na farko, wurin da zai zama ƙwaƙwalwa bai rufe sosai ba, don haka ƙoƙon kai ya tashi da kafa. Ta nan ne tantanin ƙwaƙwalwa yake ɓullowa cike da ruwa, wani sa'i har da yanki na ƙwaƙwalwar kanta.

Babban haɗarin yana ga fata. Sau da yawa fatar da ke bisa ƙullutun ba ta da kauri. Goyo ko kwanciya kan sa ta saluɓe ta zama gyambo. In ta fashe ruwa ya soma ɗiga, ƙwayoyin cuta sun sami ƙofa ke nan, sai sanƙarau. Saboda haka kada a gasa, kada a matsa, kada a shafa toka ko mai. A rufe da ƙyalle mai tsabta, a nufi asibiti. Kada a ce sai bayan suna, ko sai an kai shi gida Arewa.

Mazauna Sabon Ibadan ga Asibitin Koyarwa na Jami'a kusa da su, inda marigayi Farfesa Latunde Odeku ya kafa sashen tiyatar ƙwaƙwalwa a 1962. Na Ikko kuma ga babban asibitin Idi-Araba.

Likita zai ɗauki hoton kan tukuna. Sa'an nan ya yanke jakar, ya mai da abin da ke da sauran amfani ciki, ya ɗinke tantanin yadda ruwa ba zai yoyo ba, ya rufe da lafiyayyar fata. In ruwa ya taru kai ya riƙa girma, akan sa siririn bututu ya kai shi ciki. Yaron da ruwa kaɗai ke jakarsa ya fi samun sauƙi.

Bayan sallama, in an ga zazzaɓi, ko maɗiga ta kumbura, ko ɗinki yana tsatsafo da ruwa, a koma nan da nan.

Mata masu neman haihuwa kuwa su riƙa shan ƙwayar folik asid kullum tun kafin su ɗauki ciki, gama tana rage irin wannan lahani. Allah ya raya mana zuriya.