Dutsen Kamaru Mai Aman Wuta

Shirinmu na yau ya nufi kudu maso yammacin Kamaru, inda wani dutse da tsawonsa ya haura mita 4,000 ya miƙe daga bakin teku, wanda 'yan ƙabilar Bakweri suke kiran ƙololuwarsa Fako, wanda kuma, bisa ƙudurar Ubangiji, wutar da ke cikinsa ba ta mutu ba har yau.

Tsakanin 1909 da 2000 ya yi aman wuta sau bakwai. A karo na farko, girgizar ƙasa ta tsananta har Jamusawa, waɗanda suka zaɓi Buea da ke gangaren dutsen ta zama mazaunin hukumarsu saboda ni'imar sanyinta, suka kwashe ya-nasu-ya-nasu suka koma Douala na wani lokaci. A 1922 kuwa narkakken dutse ya malalo ta yamma, ya lashe gonakin Bibundi, bai tsaya ba sai cikin teku.

Amma al'amarin da ya fi zama a zukatan mutanen yankin shi ne na 1999. A watan Maris gefen dutsen ya tsage, malalar ta yi makonni tana gangarowa sannu a hankali kamar kunu mai kauri, samanta baƙi ƙirin, cikinta ja wur, tana ƙone itatuwan kwakwar manja ɗaya bayan ɗaya, har ta datse hanyar Limbe zuwa Idenau kusa da ƙauyen Bakingili, sa'an nan ta daskare gab da teku. An kwashe mutanen ƙauyen kafin isowarta, kuma haƙiƙa jinkirin tafiyarta rahama ce babba. Har gobe titin zagaye tulin yake yi.

Mai sauraro zai ce, to me ya zaunar da jama'a a nan? Albarkar ƙasa ce, domin tokar da dutsen ya watsa, idan ruwan sama ya ratsa ta, ita ke zama takin da ke ciyar da ayaba da roba da manja, da ganyen shayin Tole.

Abin da ke damuna shi ne Buea kanta, wadda tun da aka kafa jami'a a cikinta take ta bunƙasa, gidaje suna hawa gangaren dutsen shekara bayan shekara, alhali masanan da ke auna girgizarsa sun tabbatar cewa zai sake tsagewa, sai dai ba su da ikon faɗin rana ko gefen da wutar za ta ɓullo.