Gyaran gida a zafin Kebbi: aikin da waya za ta iya yi maka kafin ka kira magini

Da an gama girbi kuɗin shinkafa da gero sun shigo hannu, zancen gyaran gida ke tashi a ƙauyukan Gwandu da Kalgo. A da magini ake kira ya zagaya gidan ya faɗi abin da ya gani. Yanzu kuwa waya ake fara ɗauka: a ɗauki hoton ɗaki, a tura wa ChatGPT ko Gemini, a ce ya nuna yadda zai koma in an gyara. Cikin daƙiƙoƙi hoto zai fito, ga gilashi tun daga sama har ƙasa, ga fitilu a cikin silin, ga ciyawa shar a tsakar gida.

Irin wannan hoton wani ɗan'uwa daga Wurogauri ya turo mini, yana tambayar ta ina zai fara. Gidan nasu irin wanda kowa ya sani ne: zaure, ɗakuna biyu na ƙasa da aka gada, biyu na bulo da aka ƙara daga baya, duk an rufa da kwano, babu silin. Kuɗin da ke hannunsa na noman shekara guda ne, in ya tafi a banza sai wata kakar. Ni ba magini ba ne, manhaja nake rubutawa, amma aikin namu ya yi kama ta wuri ɗaya: ba ka fara gini sai ka san matsalar da kake son warwarewa. A wannan yanki matsalolin gida biyu ne manya, zafi da ruwa. Hoton da ƙirƙirarriyar basira ta zana bai san ko ɗaya ba. Bai san zafin Afrilu yana haura digiri 40 ba, bai san aikin zaure ba, bai kuma san cewa ba a gina ban-ɗaki yana fuskantar alƙibla ba.

Fara da awo

Kafin komai ka zana gidan yadda yake a yau. A Android akwai Floor Plan Creator, inda za ka ja bango da yatsa ka rubuta tsawonsa. Mai kwamfuta ya sauke Sweet Home 3D, kyauta ce kuma tana aiki ba tare da intanet ba. Za ka iya matsar da ƙofa, ka saka gado da durowa, ka ga ko za a samu wurin shimfiɗa tabarma. Akwai kuma magicplan mai awo da kyamara, sai dai ta fi yin daidai a iPhone masu na'urar LiDAR, wato samfuran Pro daga 12 Pro zuwa sama. A ƙananan wayoyi awonta na iya kaucewa, balle a bangon ƙasa da ba ya miƙewa sak. Tef ɗin awo na hannu ya fi min ita.

Amfanin zanen shi ne lissafi. Bulo mai inci 9 ko 6, kusan guda 10 ne ke cika murabba'in mita ɗaya. Bango mai tsawon mita 4 da tsayin mita 3 zai ci kusan 120. Ka cire gurbin ƙofa da taga, ka ƙara kaɗan saboda masu fashewa. Ka zuba wannan a Google Sheets tare da farashin ranar na siminti da yashi da rodi, sai ka zauna da magini kuna duba abu ɗaya, ba kana jin adadi daga bakinsa kawai ba.

Zafin daga sama yake zuwa

Nan ne ya kamata mafi yawan kuɗin ya tafi, kuma nan ne aka fi yin sakaci. Kwanon da rana ta doka tun hantsi yana zafin da hannu ba ya iya taɓawa, kuma in babu silin duk wannan zafin kan mutanen ɗaki yake sauka. Akwai wata 'yar na'ura mai kama da bindigar wasan yara da ke auna zafin abu daga nesa, irin wadda aka riƙa nuna wa mutane a goshi lokacin korona, sai dai ta masu aikin gini ta fi ta faɗin awo. Ka ara ko ka saya, da ƙarfe biyu na rana ka auna kwano, ka auna bangon bulo, ka auna na ƙasa, sannan ka maimaita bayan isha'i. Abin da za ka gani shi ne kwano ya huce da wuri, bangon bulo na yamma yana ta fitar da zafin da ya sha, ɗakin ƙasa kuwa bai yi wani hawa da sauka sosai ba. Kaurin bangon ƙasa ne ke jinkirta shigar zafi.

Don haka shawarar rushe ɗakunan ƙasa a maye su da bulo, wadda ita ce ta farko da ke zuwa ran matasa, ban goyi bayanta ba muddin bangon lafiyarsa ƙalau. Ba kuma son tsohon abu ya sa na faɗi haka ba. Francis Kéré na Burkina Faso, ɗan Afirka na farko da ya ci kyautar Pritzker a 2022, da bulon ƙasa ya gina makarantar firamare ta ƙauyensu Gando a 2001, ya ɗaga rufin kwano sama da silin ya bar iska tana ratsawa tsakani. A Dandaji ta jihar Tahoua a Nijar, Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili sun mayar da tsohon masallacin garin ɗakin karatu, suka gina sabo da bulon ƙasa da aka matse da inji, aka kammala a 2018. Kafin su, masallacin Yaama da magini Falke Barmou ya gina da ƙasa ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Duk waɗannan wuraren zafinsu irin namu ne.

Abin da za a ɗauka daga Gando mai sauƙi ne: a saka silin, a bar tazara tsakaninsa da kwano, a buɗe ƙananan kafofi a ɓangarori biyu don iska mai zafi ta fita, a toshe su da raga saboda jemage da tsuntsaye. In za a sake kwano a zaɓi mai haske, fari ko ruwan toka. Baƙi da ruwan ƙasa da ake yayi yanzu kyau ne a ido, wuta ne a ɗaki.

Sai taga. Shafin SunCalc zai nuna maka hanyar rana a kan taswirar gidanku a kowace rana ta shekara. Yankinmu yana wajen digiri 12 da rabi arewa da tsakiyar duniya, shi ya sa daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana ke ɗan karkata ta arewa, sauran watanni kuma ta kudu. Ko ta wane gefe, da tsakar rana tana sama sosai, kuma ɗan tsawon baki na rufi ya isa ya kare bangon arewa da na kudu. Gabas da yamma ne matsala, inda take shigowa a kwance. Manyan tagogi su tafi arewa da kudu, suna kallon juna don iska ta wuce. Bangon yamma kuwa rumfa ko bishiyar dogon yaro ta fi masa labule mai tsada.

Kada a shafa wa ƙasa siminti haka kawai

Waɗanda suka ga ambaliyar 2020 a Kebbi sun san cewa ba gonaki kaɗai ta ci ba, gidaje ma sun faɗi. Bangon ƙasa ta gindi yake mutuwa, inda ruwa ke kwanciya, da kuma ta gabas inda hadari ke dukansa. Dabarar da ta yaɗu ita ce a bi shi da filastar siminti. Matsalar ita ce siminti da ƙasa ba sa riƙe juna da kyau. In ya tsage ruwa ya shiga ta baya, ba ya samun hanyar bushewa, bango na ruɓewa a ciki alhali waje yana nan sumul. Magina na da da makuba suke yaɓe, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, kuma suna sabuntawa. In dole sai siminti, a sa ragar waya a kafe ta a bango tukuna, a yi dakali a gindi mai gangara zuwa waje, a kuma tabbatar indararo na zubar da ruwa nesa da bango.

Wayar ka za ta taimaka a nan ma. Ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi ka fita ka ɗauki bidiyon inda yake taruwa da inda yake bi, ka ajiye har rani. Tsagewar bango kuma ka ɗauke ta hoto da rula a kai duk wata. In tana ƙara buɗewa, wannan ya wuce shawarar manhaja, a kira gwani ya duba kafin kowa ya sake kwana a ɗakin.

Wuta: a binne bututu kafin filasta

Ko ba ka da kuɗin sola bana, ka sa mai wayarin ya binne bututun waya kafin a yi filasta, har da guda ɗaya da zai hau rufi. Wayar fitila milimita 1.5 ce, ta soket 2.5, kuma a kula da jabu mai aluminiyam a ciki an shafa masa jan ƙarfe.

Lissafin solar ba shi da wuya. Ƙwai 6 masu wat 9 na awa 5 sun ci 270. Fanka 2 masu aiki da batir, wat 30 kowacce, na awa 10 sun ci 600. Talabijin mai wat 50 na awa 4, 200. Cajin waya huɗu, a ce 60. Jimla 1,130 a rana. Shafin Global Solar Atlas na Bankin Duniya zai ba ka ƙarfin ranar garinku. In ka ɗauki awa 5 da rabi, ka cire kashi 30 cikin ɗari na asarar zafi da ƙura da waya, faifai ɗaya mai wat 400 zai ba ka kusan 1,500. Batir mai ruwa na bolt 12 da amfiya 200 yana ɗaukar 2,400, amma rabi kawai ake so ka sha, kuma zafi na rage masa kwana sosai, don haka tun a zane ka ware masa lungu mai inuwa da iska, ba ɗakin kwana ba. Na litiyam ya fi tsada, ya fi kuma daɗewa. Firji ko injin jan ruwa sun canza lissafin gaba ɗaya, su sai an sake zama.

Faifan ya fuskanci kudu da ɗan karkata kamar digiri 12 zuwa 15, kuma a kafa shi inda za a iya kai hannu ba tare da taka kwano ba, domin daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu za ta sa a riƙa goge shi duk 'yan kwanaki.