Giya da Taba Suna Warware Aikin Maganin Tarin Fuka

Tarin fuka ciwo ne mai warkewa. Wanda ya sha magani kullum ba fashi yakan warke cikin wata 6. Amma akwai wani iri mai taurin kai, wanda ƙwayoyinsa suka daina jin manyan magunguna biyu, wato isoniazid da rifampicin. A dā mai irin wannan yakan yi wata 18 zuwa 24 yana shan magani, ga allurai masu iya kurumtar da mutum. A shekarar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sabon haɗin magunguna 4 na wata 6, ba allura. Wannan abin murna ne ƙwarai. Amma akwai abu biyu da sukan warware aikin likita: giya da taba.

Mu fara da giya. Hanta ce take tace magani, ita ce kuma take tace giya. Kaya biyu sun fi ƙarfinta, sai ta kumbura, idanu su yi rawaya, dole likita ya tsai da magani. Ɗaya daga cikin sababbin magungunan, linezolid, yakan taɓa jijiyoyin ƙafa, giya kuwa ta ƙara tsananta abin. Mafi muni, wanda ya kwana gidan burukutu yakan manta da maganin safe. Kowane fashi dama ce ga ƙwayoyin su koyi ƙin sabon maganin kuma. Sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga.

Taba fa? Hayaƙinta yana kashe ƙananan gasusuwan da suke share hanyar numfashi, yana raunana masu tsaron huhu. Saboda haka mai shan sigari yakan daɗe kakinsa bai rabu da ƙwayoyin ba, yana ta baza su ga matarsa da 'ya'yansa. Ko ya warke ma, ciwon ya fi saurin komo masa.

Ya mai karatu, in akwai mai wannan ciwo a gidanku, kada ku tsangwame shi, gama barin abin da aka saba ba wuya kaɗan ba ne. A sami mutum ɗaya mai tuna masa da magani kowace rana. A faɗa wa ma'aikacin asibiti gaskiyar abin da yake sha, domin a riƙa duba hantarsa. A Nijeriya maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Naku shi ne ku tsaya tare da shi har ranar ƙarshe.