Falsafar Fifita Tunani: Daga Aflatun Zuwa Soke Haraji

Ɗalibin Zandam ko Gwaram da ya shiga kwalejin ilimi yakan ci karo da aidiyalizim, wato falsafar fifita tunani, a darasin falsafar ilimi. Da yawa haddacewa suke yi don jarrabawa, alhali maganar ta taɓa rayuwar iyayensu kai tsaye.

Tushenta yana wajen Aflatun, masanin Girka da ya koyar a birnin Atina ƙarni huɗu kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A ganinsa, duk abin da ido ke gani yana sauyawa, yana lalacewa. Mai dawwama shi ne cikakkiyar surar abin, wadda hankali kaɗai ke riska. Alƙali kan yi kuskure, amma adalci kansa ba ya gurɓata, da shi ma ake gane cewa alƙalin ya kauce. Alfarabi, wanda ya rasu wajajen 950, ya shigo da wannan tunani cikin ilimin Musulmi a littafinsa na birni nagari, Madinatul Fadila. A 1710 kuma George Berkeley, mutumin Ayalan, ya kai maganar ƙurewa, ya ce samuwar kowane abu tana rataye ne ga riskar hankali, na mutum ko na Ubangiji.

A harkar yau da kullum kuwa, ma'anar aidiyalizim ita ce mutum ya auna duniya da yadda ya kamata ta kasance, ya tsaya a kan haka ko da zai yi asara. Wannan ba baƙon abu ba ne a wajenmu. An kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, Malam Aminu Kano kuma ya jagorance ta a kan cewa talaka mutum ne mai daraja. 'Ya'yanta sun sha duka da ɗauri, ana yi musu kallon masu mafarki. Amma a 1979 gwamnatin Abubakar Rimi ta jam'iyyar PRP, magajiyar NEPU, ta soke haraji da jangali a Jihar Kano, lokacin Gwaram da Birnin Kudu suna cikin jihar. Abin da ya faro daga tunanin mutane ƙalilan ya isa aljihun manomi da makiyayi bayan shekara 29.

Gaskiya ne aƙida ba ta isa ita kaɗai, sai da aiki da haƙuri. Sai dai wanda bai san yadda adalci yake ba, ba zai gane ana zaluntarsa ba. Malamai, ku koyar da wannan darasi da tarihin garuruwanmu. Matasa kuma, kafin ku bi ɗan siyasa, ku tambaye shi mece ce aƙidarsa.