Shin Ko Kun San? Aljanun Ruwa da Mutumin Tawa

Shin ko kun san akwai wasan kwaikwayon da aljanar ruwa ce tauraruwarsa? Sunansa Ondine. Bafaranshe Jean Giraudoux ne ya rubuta shi, aka fara nuna shi a Paris a 1939, amma tushen labarin na wani Bajamushe ne, Fouqué, tun 1811. Aljanar ta kamu da son wani barde mai suna Hans, sai sarkin aljanun ruwa ya gindaya sharaɗi: ranar da ya ci amanarta, kwanansa ya ƙare. Namiji kuwa, kun san hali. Ya ci amanar, ya mutu, ita kuma aka shafe mata tunaninsa ƙaf. A 1954 Audrey Hepburn ta fito a matsayin aljanar a New York, har ta ci lambar Tony.

Ko kun san mu ma muna da namu labarin aljanin ruwa, kuma wanda ya mai da shi fim ya daɗe zaune a Tawa? Moustapha Alassane ke nan. A 1973, shi da Bajamushiya Anna Soehring suka shirya Toula, daga labarin da Boubou Hama ya rubuta. Sai dai namu aljanin ba ruwansa da zance ko toshi. Fari ya yi tsanani, boka ya ce ba za a ga ruwa ba sai an miƙa masa kyakkyawar budurwa, Toula. Saurayinta ya bazama neman ruwa ko ya cece ta. Kafin ya dawo, bakin alƙalami ya bushe.

Ku duba shekarar da kyau: 1973, lokacin babban farin da ya cinye garkunan arewacin Adar. A ganina Toula ta fi Ondine ratsa zuciya, don masu kallonta sun san abin da ake nufi da rijiya ta ƙafe.

Ko kun san a ɗakunan otal ɗinsa na Tawa Alassane ya riƙa haɗa finafinan zane da na 'yar tsana? Kwaɗi ne 'yan wasansa na ƙauna, har kokawa ya sa su a fim ɗin Kokoa. An haife shi a N'Dounga a 1942, ya rasu a Wagadugu a 2015.