Tsohuwar Kwamfuta: A Kulle Ta a Gilashi, ko a Bar Ta Tana Aiki?

A farkon shekarun 1970 kamfanin Tektronix na Amurka ya fito da na'urar zane mai lamba 4010, mai koren allo. Fuskar gilashin ce da kanta ke riƙe zanen. In kana son goge layi ɗaya, dole ka share allon gaba ɗaya, ya yi wal, ka sake daga farko. Hanya biyu gidajen tarihi ke bi wajen adana irinta.

Wasu su kakkaɓe ta, su sa a gilashi, su rubuta suna da shekara. Ba ta shan wuta, ba ta neman mai gyara. Sai dai ɗan kallo akwati kawai zai gani, wal ɗin nan kuwa sai a labari.

Wasu kuma ba sa yarda sai sun kunna. A Bletchley Park ta Ingila, a 2012, aka tayar da kwamfutar Harwell ta 1951, baƙi na tsaye tana lissafi. A ganina wannan ya fi ilmantarwa nesa ba kusa ba, amma akwai cin kuɗi. Gidan Living Computers na Seattle, wanda attajiri Paul Allen ya kafa, ya rufe a 2020, shekara biyu bayan rasuwarsa, a 2024 kuma aka yi gwanjon wasu kayansa. In mai arziki irin wannan bai bar wa gidansa madogara ba, ina ga namu?

A Karaye da Rogo maganar ma ba ta kai nan ba. Tsofaffin kwamfutoci masu ƙaton baya, irin na ofis da makaranta, ƙarshensu hannun 'yan jari-bola: a fasa, a zare wayar tagulla, a watsar da gilashin, wanda kuwa akwai dalma a cikinsa. Abin da ya fi ƙarfen saurin ƙarewa shi ne tsofaffin masu gyaran rediyo da talabijin da suka san cikin waɗannan akwatuna.

Don haka mu fara da mai sauƙin. Masarautar Karaye ta ware ɗaki ɗaya, a tara abin da ya tsira, a rubuta inda kowacce ta yi aiki. Wadda ke da sauran numfashi a damƙa ta ga mai gyara, ya riƙa kunna wa 'yan makaranta ranar da aka kawo wuta.